Littafin da Zarto Bai Taɓa Ba

Kumandan Ɗan Baba ya mutu ya bar littattafai dubu ɗaya da ɗari biyu da sha huɗu. Ni kaɗai na san adadinsu a duk Madarunfa, domin shekara ashirin da biyu ina kakkaɓe su. Aikina ke nan a gidansa: in share, in duba gara, in zuba toka a gindin katako idan damina ta kama. Sunana Sule. Na yi lakkwal, wato makarantar boko, zuwa aji huɗu, na yi allo zuwa izu goma, duka biyun suka sauke ni a tsakiyar hanya. Da ƙyar nake karanta faransanci, da ƙyar nake karanta ajami, amma ina karantawa.

Matasan yanzu sun san Kumandan a matsayin tsoho mai kumburin ƙafa, zaune a ƙofar gida yana kallon tabki. Mu mun san wani daban. Lokacin da yake sanye da kaki an damƙa masa wani yanki can arewa, ba zan faɗi sunan garin ba, ya riƙe shi shekara tara kamar gonar gado. Shi ne alƙali, shi ne mai mabuɗin kaso, shi ne mai faɗin ranar da kasuwa za ta ci. Ya taɓa hana dariya a gaban ofishinsa. Ya taɓa kulle wani mutum kwana goma saboda raƙuminsa ya yi kuka ana tsakiyar jawabi. Da aka tuɓe shi ya dawo garin mahaifiyarsa da manyan motoci biyu, ɗaya kujeru, ɗaya littattafai.

Ko ɗaya bai saya ba. Duk wanda ya kama, sojojinsa kan kwashe littattafan gidan su kawo masa. Idan ka buɗe bango za ka ga sunan mai shi da tawada, an buga hatimin Kumandan a kai har sau biyu ko uku don ya rufe. Bai taɓa rufewa duka ba. Wutsiyar harafi kan leƙo ta ƙarƙashin hatimin kamar ƙafar ɓera a ƙarƙashin ƙwarya.

Ga abin da mutane ba su yarda idan na ba da labari. Kumandan ba ya son ganin wani ya fi wani tsawo a sahu. Ya sa kafinta ya yi masa katako hawa-hawa, kowane hawa taƙi ɗaya da yatsu biyu. Littafin da bai kai ba, a sa masa guntun itace a ƙasa ya tsaya daidai da saura. Wanda ya wuce, kafinta ya matse shi tsakanin katako biyu ya yanke gindinsa da zarto. Sama da rabinsu haka aka yi musu. Idan ka tsaya daga bakin ƙofa ka ga sahu ya miƙe tsaf, kai ɗaya, kamar ranar fareti.

Ni da nake satar karantawa idan ya yi barcin rana, na sha wahala. Kowane shafi layi uku ko huɗu na ƙarshe sun bi garin katako. Akwai wani littafi na halittun teku, a ciki na ga kifin da ke yawo da fitila a goshi, can inda rana ba ta kai. Daidai inda za a faɗi yadda fitilar ke kamawa, nan zarto ya bi. Shekara da shekaru ina zama bakin tabki da yamma ina tunanin wa ke kunna masa. Ni mutum ne mai son irin waɗannan abubuwa. A ɗakina akwai ƙadangare mai wutsiya biyu cikin kwalba, da dutsen da ya yi kama da kunnen mutum. Sai na saba da ƙarasa kowane shafi da kaina, har na daina sanin wanda na karanta da wanda na ƙirƙira.

Shi kuwa mai littattafan, ga karatunsa. Da hantsi idan an yi baƙo, sai ya ce, “Sule, na uku a sahu na biyu.” Bai taɓa kiran littafi da sunansa ba. Ya buɗe tsakiya, ya sa tabarau, ya bar baƙo a tsaye. Idan baƙon ya yi tari, ya lashi yatsa ya juya shafi. Baƙo na fita littafi ya koma sahu. Waɗanda hannunsa ya yi wa maiƙo da gaske biyu ne: littafin fassarar mafarki, da wani na hotunan takalma daga wani kanti na ƙasar Turawa, wanda ya zagaye kusan kowane takalmi a ciki da jan alƙalami.

Yana da magana guda da yake ji da ita. Ya sa an rubuta ta da fenti, da faransanci, a bango bisa katakon. Ma'anarta: a ba su tsaba kaɗan-kaɗan, a rufe su kafin faɗuwar rana, wanda ya cika hayaniya a ware shi. Ya ce wani babban masanin mulki ne ya faɗa. Babu baƙon da ya tsira bai ji ta ba.

Abu ɗaya ne a ɗakin ba a sahu yake ba. Wani ƙunshi ne a ɗinke cikin fatar akuya, an rataye shi da ƙusa bisa ƙofa. An hana ni taɓawa. Kowace Juma'a sai na kunna turare a ƙarƙashinsa. Kumandan ya ce wani ɗan kaso ne ya yi masa sammu, ya rubuta da baƙaƙen larabci, aka kama a ƙarƙashin tabarmarsa. Wani boka ya gaya masa: in ka ƙone shi ka ƙone, in ka jefa ruwa ka nutse, in ka karanta ka haukace, in ka mayar wa danginsa ya tashi aiki. Sai ya ɗinke shi ya zauna da shi. Mutumin da yanki guda ke rawar jiki in an ambaci sunansa, sai ya sunkuyar da kai duk sa'ad da zai wuce ƙofar nan.

Kowace shekara bayan an yi girbi, wata mata kan zo daga Gabi ta zauna a ƙofar gida. Asabe sunanta. Mijinta malamin lakkwal ne, ana ce masa Mushe Arziki yadda ake kiran malaman boko a wurinmu, ɗan gidan Anna masu yanka wa iskoki a gindin tsamiya, shi ya sa ma Kumandan ya yi saurin yarda da zancen sammu. An tura shi koyarwa yankin Kumandan, ya rubuta takardar koke cewa hatsin ƴan makaranta ba ya isowa, aka kulle shi. Asabe na da ciki a lokacin. Bai fito ba. Wani da aka sako ya gaya mata cewa mijinta yana yi mata rubutu kullum cikin wani kaye, irin littafin rubutu na ƴan lakkwal, kuma Kumandan ya karɓe. Kabari ba a nuna mata ba, ko hula ba a kawo mata ba. Kayen nan take nema, ba ta neman komai bayansa.

Ni ake aikowa in sallame ta.

“Malam Sule,” takan ce, “yau wace ƙarya aka ba ka, ta bara ko an yi sabuwa?”

“Ta bara ce, Uwar Sakina. Ya ce babu wani abu makamancin haka a wurinsa.”

“To ka gaishe shi da ƙafa. Ka ce ina roƙa mashi tsawon rai, kar ya tahi bai ba ni ba.”

Ta sha ruwa a hannuna, ta tashi. Na daɗe ina zargin ƙunshin nan, ban ce mata komai ba. Ina da bakin ciyarwa, kuma ni ma, in faɗi gaskiya, ina tsoron fatar akuyar. Ba na alfahari da wannan.

Bara da kaka ƙafar ta tafi da shi. A wurin sadakar arba'in babban ɗansa Mansur ya zo daga Yamai cikin shadda mai tauri, waya a kunne, ya tsaya gaban jama'a ya maimaita maganar nan ta bango, ya ce ita ce hikimar da mahaifinsu ya bar wa duniya. Washegari ya shiga ɗakin littattafai yana toshe hanci, ya raba su uku da bakin mabuɗin mota. Masu ruwan zinari a bango za su tafi falonsa a Yamai. Sauran na boko a kai wa masu tsire da masu ƙosai na garin Ɗan Issa su yi ƙunshi. Duk abin da ke da baƙaƙen larabci kuwa, tun da ba a naɗe nama da sunan Allah, a haƙa rami bayan maƙabarta ranar Alhamis, Liman ya zo a binne. Mansur bai san alifi ba ko da ya yi girman turmi. A wurinsa duk rubutun da ya fara daga dama, ko aya ne ko tsafi.

Ya nuna saman ƙofa bai ɗaga kai ba. “Wancan ma, tsoho. A ramin. Can ƙasa, a ɗora saura a kai.”

A ranar na je tasha na ba direban Gabi saƙo: a ce wa Uwar Sakina ta zo Alhamis da sassafe, in ta makara shi ke nan.

Ba ta makara ba. Muna isa bayan maƙabarta da buhu biyu na takardu a amalanke, na hango ta zaune ƙarƙashin wata aduwa, ta miƙe ƙafafu, takalmanta a gefe. An riga an haƙa ramin, zurfinsa ya kai ƙugu. Liman Aminu na tsaye a baki da carbi. Mutane kamar goma sun taru, irin waɗanda ba sa ganin rami su wuce.

Mansur ya ce, “Wannan fa?”

“Baƙuwar Kumandan ce,” na ce. “Ta saba zuwa.”

Ni na sauko da ƙunshin daga ƙusa da safiyar nan, na naɗe shi cikin tsumma. Dabara ɗaya gare ni, ita ma na kwana biyu ina juya ta. Na san Liman Aminu mutum ne da ba ya barin ƙaramin hukunci ya wuce shi. Ya taɓa sa an sake yanka rago saboda bai ji bisimilla da kunnensa ba. Na matsa kusa da shi.

“Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Cikin buhunan nan akwai yagaggun shafukan Alƙur'ani. Wannan kuma an ce sihiri ne. Ya halatta su kwanta rami ɗaya?”

Liman ya daina jan carbi. “Wa ya ce a haɗa?”

“Ni na ce,” in ji Mansur. “Malam, rami rami ne. Ina da hanya a gabana.”

“Hanyarka tana nan, Alhaji, ba ta gudu. Ba a haɗa najasa da tsarki. In sihiri ne, warware shi ake yi. In aya ce, ta shiga da ƴan'uwanta. Sai an duba.”

“Baba ya ce duk wanda ya buɗe zai haukace.”

“Na buɗe irinsa sun fi ɗari. Yawanci gashin akuya ne da ƙusa mai tsatsa. Sule, kana da reza?”

Ina da ita. Mansur ya ja da baya taku biyar, ya tsaya bayan amalanke. Mutanen ma suka ɗan matsa. Asabe kaɗai ta taso ta zo kusa har ina jin numfashinta. Fatar ta bushe ƙayau, zaren ya tsinke da kansa. Warin turaren shekaru ya tashi. A ciki kaye ne mai shuɗin bango, irin mai jadawalin lissafi a baya, gefensa ya yi rawaya.

Liman ya karɓa, ya yi bisimilla, ya buɗe daga dama, ya kai shi kusa da hanci. Leɓensa ya motsa, ya tsaya.

“Wannan ai Hausa ce.” Ya juya shafi, ya sake juyawa. “Babu aya, babu hatimi. Wasiƙa ce. Rubutun ya yi mani ƙanana. Sule, idonka ya fi nawa.”

Na karɓa. Hannun mutumin mai kyau ne, ya sa wasali ko'ina kamar ya san wanda zai karanta ba gwani ba ne. Daga baya Asabe ta gaya mani a wurin wani maƙwabcinsu malami ya koyi ajami, don sha'awa kawai. A kaso ya ga amfaninsa, tun da masu gadin boko kaɗai suka sani. Na fara, ina tuntuɓe.

“Asabe, yau Talata. An ba mu tuwon dawa ba miya. Lafiyata lau, sai kuɗin cizo. In kin haihu mace ce, ki sa mata Bilki.”

“Ya makara,” in ji Asabe. Ta kama hannun rigata ta riƙe. “Sakina ta aurar da ɗiyarta ta fari. Karanta.”

Da na san abin da ke gaba, wataƙila da na rufe nan. Ban sani ba, na juya shafuka kamar goma don in tabbatar wa Liman babu tsafi a tsakiya, na karanta inda idona ya sauka.

“Kumandan na aikowa a fito da ni kullum da hantsi in karanta masa littattafan mutanen da ya kulle. Ba ya wuce shafi biyu sai barci. Abin da yake so in tsamo masa magana ɗaya mai nauyi da zai faɗa a taro. Jiya na gaji, na tsamo masa daga littafin kiwon kaji: a ba su tsaba kaɗan-kaɗan, a rufe su kafin faɗuwar rana, wanda ya cika hayaniya a ware shi. Ya haddace, ya faɗa gaban hakimai, ya ce babban masani ne. An yi ta tafi. Ki yi dariya ke kaɗai, kada ki gaya wa kowa.”

Na ɗaga kai daga kayen. Duk wanda ke bakin ramin nan ya ji maganar daga bakin Mansur kwana uku da suka wuce. Mai amalanke ne ya fara dariya a ɓoye, ya juya baya yana gyara igiyar jaki, kafaɗunsa na girgiza. Ni kuwa na tuna littafin: na tara a sahu na huɗu, mai hoton zakara. Shekara ashirin da biyu yana tsaye daidai ƙarƙashin fentin, ban haɗa ba, domin zarto ya cinye wannan layin.

Mansur ya fito daga bayan amalanke. Tsoron hauka ya sake shi sarai.

“Ba ni nan. Ƙarya ce ta ɗan kaso. Yanzu zan ƙone shi.”

“Ba naka ba ne, Alhaji,” in ji Liman.

“A gidan ubana aka same shi. Gado ne.”

“Gado abin da mamaci ya mallaka ne. Abin ƙwace ko ya shekara ɗari a ɗaka, sunansa abin ƙwace. Ga mai shi a tsaye. In ka ƙone, ka ƙara wa mahaifinka kaya, kuma na ga alama yana da isassu.”

“Malam, ni fa ban kira ka shari'a ba, binnewa na kira ka.”

Suna cikin haka Asabe ta zare kayen daga hannuna, a hankali, yadda ake ɗaukar jariri daga bayan wata. Ta kwance bakin zanenta ta sa shi a ƙirji ta ɗaure. Sannan ta dubi Mansur daga hula har takalmi.

“Yaro, ubanka da soja arba'in ya karɓe shi. Kai nawa ka zo da su?”

Mansur ya dubi mutane. Babu wanda ya dube shi, kowa ya sami abin kallo a cikin rami. Ya ciro waya ya kara a kunne, ko da yake ba ta yi ƙara ba, ya nufi mota yana magana da faransanci da ƙarfi. Muka binne buhunan biyu, Liman ya yi addu'a. Da la'asar Mansur ya loda masu ruwan zinarin ya tafi Yamai. Na ji an ce suna falonsa, sahu guda, gindi a yanke. Kafin ya tafi ya sa an shafe bangon da farar ƙasa. Da damina ta sauka fentin ya sake fitowa.

A ranar dai, bayan binnewar, na raka Asabe tasha. Motar Gabi ba ta cika ba, muka zauna kan benci a inuwa. Hannunta na kan ƙirji, inda kayen yake.

“Ka san yana nan tun da daɗewa,” ta ce.

“Na yi zargi.”

“Hm.” Ta kwance zanen ta miƙo mani. “To ka biya da idonka. Ni ban iya ba, jikokina boko suka yi. Duk ranar kasuwa ka zo Gabi, akwai fura. Shafi ɗaya-ɗaya, ban son a cinye mani shi da sauri. Ƙarasa na farkon nan.”

Na buɗe. Rubutun ya sauka har ƙasan takarda, layi bayan layi, har inda babu sauran wuri ya matse na ƙarshe a gefe. Tsoro ya hana a kai shi wurin kafinta. Na sa yatsa na bi shi har ƙarshe, ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba.

“Na yi mafarkin tabki ya cika har gindin kuka, kina wanki. Jar akuyar nan kada ki sayar, tana haihuwar biyu-biyu.”

“Na sayar,” in ji Asabe. “Da me yake zaton na yi suna?” Ta karɓi kayen ta rufe, ta share bangon da tafin hannu. “Ya isa na yau.”